Tukunyar Giyar da Inna Ta Fasa

Innata maginiyar tukwane ce a Mirriya, kamar yadda uwarta ta kasance. Tulu, randa, kasko, tukunyar miya, babu wanda ba ta ginawa. Ran Lahadi, ranar kasuwarmu, mata sukan zo tun daga Damagaram su tsuguna gaban kayanta suna ƙwanƙwasa tulu da yatsa suna saurare. Ita kuwa ba ta talla, ba ta roƙon kowa. Idan mace ta daɗe tana ƙwanƙwasawa sai ta ce, "Bar shi haka, ƴar nan, ba ganga ba ce." Duk abin da ta gina, kafin yumɓun ya bushe, takan danna babban yatsanta sau uku a ƙarƙashin leɓensa, inda ido ba ya kaiwa. Haka uwarta take yi. Ban san kakata ba, ta rasu kafin a haife ni, kuma ko kasko ɗaya na gininta bai rage a gidanmu ba. Tukunya ba ta tsufa a gidan da ke da yara da awaki.

Akwai wasu manyan tukwane da Inna ke ginawa a bayan ɗaki, ba a kai su kasuwa. In baƙo ya tambaya sai a ce na dafuwar biki ne. Duk unguwa an san na giya ne. Wata mata ce ke sayensu, daga wani ƙauyen arna da ke gaba da Droum, mutanen da ke kan addinin kakanninsu suna noman dawa. Takan zo da jakuna biyu sau ɗaya a shekara, ta sha ruwa, su taɓa hira da Inna, a ɗaure tukwane a cikin ƙaiƙayi ta tafi. Uwarta ma a gidanmu take saye. Iya nake ce mata tun ina yaro. Inna mai salla ce, mai azumin Litinin da Alhamis, kuma ban taɓa jin kalmar giya ta fito daga bakinta ba. Abin da takan ce shi ne, ita yumɓu take sayarwa.

A lokacin da nake ba da labari ina da shekara ashirin da ƴan kai, ina aiki a laburatuwar ta asibiti a Damagaram, wato ɗakin da ake duba jini da majina da fitsari. Shekarar da muka samu mulkin kai ce, Turawa sun fara ɗaure akwatuna. Ina da farar riga, ina da keke, kaina kuma ya fi randar Inna girma. A Mirriya lokotoro ake ce mini, wato likita, ban taɓa gyara wa kowa ba, alhali rabin aikina wankin kwalabe ne.

Da bazarar shekarar Iya ta ɗauki sababbin tukwane uku. Dafuwar farko da ta yi a cikinsu ta lalace. Giyar ta yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta kuma yi yauƙi, in an ɗaga ludayi sai ta biyo shi kamar miyar kuɓewa. Ta biyu ma haka. Ta uku ta bikin wani ɗan mijinta ce, mutane suka taru daga ƙauyuka aka rasa abin ba su. Ran Lahadin da ta biyo baya ƴan'uwan mijin suka zo kasuwar Mirriya, suka tsaya a kan kayan Inna, suka ce da ƙarfi hannunta ya ɓaci, tukwanenta na ruɓar da duk abin da aka zuba musu.

Kafin la'asar zancen ya zaga kasuwa, kuma ya bar giya ya koma kan komai. Wata ta tuna kununta ya yi tsami a tukunyar Inna. Da bazara fa, lokacin da kunu ke tsami ko a ƙwaryar sarki aka zuba shi! Wata ta ce ruwan tulunta ya sake ɗanɗano. Bayan mako biyu wata maƙwabciyarmu, wadda ni da ɗanta muka yi wasan ƙasa tare, ta aiko aka dawo da randar da ta saya don kayan ɗakin ƴarta. Ko ita ba ta zo ba, aike ta yi.

Inna ba ta da bakin kare kanta. In za ta yi magana dole ta tsaya tsakiyar kasuwa ta ce giya kaza, tukunya kaza, abin da shekara talatin ba ta furta ba. Sai ta daina zuwa kasuwa. Ta rufe yumɓunta da tabarma ta bar shi ya bushe. Da na zo gida ƙarshen mako na ga hannuwanta fes, babu laka a ƙarƙashin farce. Tunda nake ban taɓa ganinsu haka ba. Na ji haushin mutanen garinmu ƙwarai, kuma har yau in na tuna ina jin sauransa.

Lahadi ta gaba na cika aljihu da ƙananan kwalabe huɗu na laburatuwar, na hau keke tun da sassafe na nufi ƙauyen Iya. Na same ta tana shanya tsiron dawa a kan tabarma. Ba ta tashi ba.

"Lokotoro ne? Innarka ce ta aiko ka?"

"Ba ta san na zo ba, Iya. So nake in ga yadda kike aikin."

"Kai da ba ka sha? To me za ka gani?"

"Ba sha zan yi ba. Dubawa zan yi."

Ta ƙare mini kallo, ta dubi farar rigar da na sa don a san ko ni wane ne, ta yi tsaki, amma ta nuna mini. Ana jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a sake dafawa. In ruwan ya huce sai a raba shi cikin manyan tukwane. Daga nan sai a ɗebo iri, ƙwarya ɗaya ga kowace tukunya, shi ke sa ta tashi ta yi kumfa. Irin yana cikin wata tsohuwar tukunya da suke kira uwa, an binne ta har wuya a ƙasa cikin wata bukka mai duhu don sanyi. Duk dafuwa ana ɗiba daga cikinta, ana kuma mayar mata da sabo, ba ta taɓa zama fanko ba.

"Wannan uwata ce ta bar mini," in ji Iya. "Tun ban yi wayo ba take nan. Ba ta taɓa ba mu kunya ba. Abin da ya shigo gidan nan sabo bana tukwanen Innarka ne, ban ga wani ba."

"Ita uwar ba abin da ya same ta?"

"Me zai same ta? Da kaka turmi ya faɗo a gefenta ta ɗan tsage daga ciki, na liƙe da kakin zuma da tsumma. Ko ɗigo ba ta yoyo. Da abin nan ya faru har ita na ɗauraye da jiƙon ɓawon maɗaci, abin da ba a taɓa yi ba."

Na cika kwalabena. Ɗaya ruwan rijiyarsu, ɗaya dafaffen ruwan dawa kafin a sa iri, ɗaya ɗaurayen sabuwar tukunyar Inna, ɗaya kuma abin da ya kwanta a gindin uwa. Ta ƙarshen nan ko da na toshe ta da kyau, warinta ya raka ni har Damagaram.

Aikin da na yi washegari shi ne wanda nake yi kullum da majinar masu tari da ruwan ƙurji. Ana shafa ɗigo a kan ɗan gilashi, a busar a kan wuta, a zuba rini shuɗi, a wanke da alkol, wato ruwan barasa na asibiti, sannan a zuba rini ja. In an leƙa ta madubin da ke ƙara girma sai a ga ƙwayoyin sun kasu biyu. Wasu sun riƙe shuɗin. Wasu alkol ya wanke musu shi, sun koma ja. A kwalabe uku na farko da ƙyar na ga wani abu. A ta huɗu, a tsakanin manyan ƙwayoyi masu kama da ƙwai, waɗanda su ne irin na gaskiya, ga wasu ƙanana jajaye, dogaye, sun cika wurin maƙil.

Baturen da ke kula da farmasi da laburatuwar ya shigo ya same ni a kai. Dogo ne, mai yawan gumi, kuma saura wata biyu ya koma ƙasarsu, don haka ya daina faɗa. Ya shinshina kwalbar ya yi dariya har da riƙe tebur, wai yau ga musulmi ya kawo giya wurin aiki. Da ya leƙa madubin sai dariyar ta tsaya. Ya ja kujera ya ɗauki fensir.

Abin da ya zana mini ban manta ba. Ya ce masu komawa ja ɗin nan riga biyu gare su. Ta waje ba irin ta sauran ba ce, an yi ta da kitse da sukari. Gindinta kitse ne, ya kafe a jikin ƙwayar, sannan sukari ya jeru a kansa kamar dutsen ado a zare, ya miƙe waje. Ya rubuta sunan abin, lipopolisakarid, na yi kwana uku ina maimaitawa a kan keke kafin bakina ya iya. Ya ce wannan rigar ce ke tare abubuwa da yawa masu ɗaci da masu kumfa kada su shiga su kashe ƙwayar, don haka bai yi mamaki ba da na ce masa maɗacin Iya bai yi komai ba. Ya ce kowane iri da tsarin jerin sukarinsa, kuma masana a ƙasarsu ba su gama warware shi ba.

"To me ke kashe su, mushe?" na ce, don haka muke kiran Turawan Faransa.

"Tafasa na kashe su, in zafin ya kai gare su," ya ce. "Amma rigar tana nan ko sun mutu. Me ya sa kake tsammani nake sa ka gasa kwalaben ruwan allura a tanda bayan ka dafa su? In saura ya rage a ciki ya shiga jinin mutum, zazzaɓi ne. Ruwa ba ya cin rigar nan. Busasshiyar wuta kaɗai ke cinye ta."

Rabin farko na maganarsa na ɗauka, na bar sauran a kan tebur. Na koma ƙauyen cike da isa. Na gaya wa Iya laifin ba na sababbin tukwane ba ne, na uwa ne. Na ce ta kwashe irin ta zubar, ta cika uwa da tafasasshen ruwa sau uku, ta aro sabon iri wurin wata mai dafawa. Ba ta so ba, amma ta yi. Dafuwar farko ta yi kyau. Na je Mirriya ina ta baza labari, har na gaya wa maƙwabciyar nan mai randa magana marar daɗi a ƙofar gidanta. Dafuwa ta biyu wari ya fara dawowa. Ta uku ta koma yadda take.

Kunyar da na ji ba ta faɗuwa. Ga shi na ƙara wa Inna wani abin faɗi, yanzu ana cewa har ɗanta lokotoro ya gwada ya kasa. Sai a lokacin na zauna na yi tunanin da ya kamata in yi tun farko. Ruwan zafi ya wanke cikin tukunyar, amma bai shiga can cikin tsagar ba, ƙarƙashin kaki da tsumma, a jikin yumɓun da ke manne da ƙasa mai sanyi. Can suke, suna fitowa sannu a hankali. Kuma tsohuwar tukunya da ta sha ruwa shekara da shekaru, ga tsaga, ba a mayar da ita wuta. Tarwatsewa za ta yi. Na sake komawa na gaya wa Iya sai dai a fasa uwa.

"Ka fasa taka uwar," ta ce. Ta juya ta shige ɗaki.

Dole na zo na gaya wa Inna komai, tun daga kwalabe huɗu har zuwa zagin da Iya ta yi mini. Tana zaune tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Da na zo kan tukunyar sai hannunta ya tsaya.

"Ka ce tun ba ta yi wayo ba take nan?"

"Haka ta ce."

"Bakinta mai faɗi ne, leɓen ya kifo waje?"

"Ban lura ba, Inna. Bukkar da duhu."

"Kai da madubinka," ta ce. "Nemo mana kamiyon da zai bi ta Droum."

Inna ba ta taɓa taka ƙauyen arna ba sai ran nan. Mun sauka daga kamiyo, wato babbar motar kaya, muka ƙarasa da ƙafa, rana ta take, ita a gaba da mayafinta da butarta. Iya ta fito ta gan ta, ta tsaya riƙe da muciya. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta gona da ta zafi, kamar babu abin da ya faru. Sannan Inna ta ce a nuna mata. Ta ja mayafi ta rufe hancinta, ta sunkuya ta shiga bukkar. Ta durƙusa, ba ta ko leƙa ciki ba. Ta tone ƙasar da ke wuyan tukunyar da hannu, ta zura yatsu ƙarƙashin leɓen tana bi a hankali. Da ta zo wani wuri ta tsaya. Ta daɗe a haka.

"Ƴar'uwa," ta ce, "kin san wanda ya gina wannan?"

"A gidanku aka saye ta, shi na sani."

"Zo ki taɓa."

Iya ta durƙusa ta taɓa. Ni ma na taɓa bayanta. Rami uku ne a jere, na babban yatsa, sun fi na Inna ƙanƙanta kaɗan.

"Ta uwarki ce, ginin uwata ce," in ji Inna. "Shekara ashirin da biyar ina leƙen ƙarƙashin leɓen tukwane a gidajen mutane ko zan ga ɗaya, ban gani ba sai yau. Kina tsammani ina son a fasa ta? Amma yaron nan ya yi gaskiya, ko da yake bakinsa ya fi hankalinsa sauri. Ta tsage. Tukunya in ta tsage ta gama aikinta. Ki ba ni ita, zan dawo miki da ita."

"Ta yaya za ki dawo da abin da kika fasa?"

"Aikina ne. Ke dai ki ba ni."

Iya ta yi kuka, Inna ba ta yi ba. Aka kwashe abin da ke ciki, aka tone ta aka fito da ita rana. Inna ta karɓi taɓarya ta yi bisimilla, a gidan giya, ta buga sau ɗaya a kan tsagar. Ta tsince gutattsarin da kanta har na ƙarshe ta ƙulle a tsohon zane. Ni na ɗauko ƙullin a kaina zuwa hanyar mota, da farar rigata da komai.

Duk maginiya ta san yumɓu zalla ba ya jure wuta. Sai an daka tsingaron tsohuwar tukunya ya zama gari an cuɗa a ciki. Inna ta shanya gutattsarin kwana uku a bayan ɗaki, ta daka su, ta tankaɗe, ta yaye tabarmar da ke kan yumɓunta ta jiƙa shi. Kwana biyar tana ginin, mai faɗin baki, leɓe a kife. Ta danna yatsa sau uku. Aka toya ta tare da ƴan tuluna kafin ruwan farko ya sauka. Ina wurin ranar toyin, na ga ta cusa wani ƙaramin abu tsakanin tukwanen kafin a rufe su da kara da kashin shanu. Ban tambaya ba, an riga an gaya mini bakina ya fi hankalina sauri.

Iya ta binne sabuwar uwa a sabuwar bukka, da sabon iri. Dafuwa ɗaya, biyu, biyar, babu wari. Wata Lahadi cikin damina, bayan an sauke tutar Faransa da ƴan makonni, ta zo kasuwar Mirriya da mazan nan da suka yi ihu. Ta sa su a gaba har wurin Inna, wadda ran nan ne karo na biyu da komawarta. Ta sa kowannensu ya ɗauki tulu. Ta ce da muryar da ake ji har rumfar mahauta, "Tukunyata ce ta tsage, hannun matar nan lafiyarsa lau." Ba ta ambaci giya ba, ta san da wadda take magana. Ba a dawo gaba ɗaya ran nan ba, mutane ba sa saurin janye magana. Amma kafin kaka mata sun koma tsugunawa suna ƙwanƙwasa tulu. Mai randa ma ta zo da kanta, Inna ta sayar mata kamar kowa. Ni ne dai ban gaishe ta ba har shekara ta zagayo.

Wata Juma'a na shiga ɗakin Inna ɗaukar wani abu, na ga gutsuren leɓen tukunya a kan ƴar taga, dab da inda take shimfiɗa buzun sallarta. Bai kai tafin hannu ba, ya yi ja kamar sabo. Na juya shi, ga rami uku. Ta shigo ta same ni riƙe da shi.

"Shi kika sa a wuta ran nan?"

"Shi ne."

"Ai da wanke shi kika yi da toka, Inna, da ya isa."

"Na wanke sau bakwai," ta ce. "Ba kai ka ce ruwa ba ya cin rigar abin ba, sai wuta? Shekara arba'in yana shan abin nan. A nan nake salla, kuma a nan nake so ya zauna."

Ta karɓe shi daga hannuna. Kafin ta mayar da shi kan tagar ta sa babban yatsanta a rami na farko, ta ɗan danna. Akwai laka a ƙarƙashin farcenta.